Ƙaro, CMC, Zantan ko Jelatin: Wanne Ya Dace da Yogot, Kunun Aya da Askirim?

Duk mai haɗa yogot ko kunun aya yana ɗurawa a gora don sayarwa ya san irin asarar da rabuwar kaya ke jawowa. Kaya za su fito sumul da safe, amma kafin su kwana biyu a firji sai ruwa ya taso sama, gari ya kwanta a gindin gora, mai saye kuma ya ɗaga ya duba ya ajiye, domin a ganinsa abin ya lalace ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Daga nan ne yawancin masu wannan sana'a ke nufar shagon masu sayar da kayan haɗi su nemi abin da ake kira sitabilaiza, a auno musu farin gari a leda, sau da yawa babu suna babu lamba. Alhali kuwa wannan suna ɗaya ya ƙunshi sinadarai da dama waɗanda suka bambanta a asali, suka bambanta a aiki, kuma abin da masu bincike suka gano game da tasirinsu ga lafiya ma ya bambanta. Wanda ya gyara askirim yana iya ɓata yogot, wanda kuma ya riƙe madarar koko ba zai tsinana komai a cikin zoɓo ba.

Aikin waɗannan sinadarai shi ne su riƙe ruwa, su ƙara kauri, su hana ƙananan ɓarɓashi da maiƙo rabuwa da sauran haɗin. Ba sa kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba sa hana abinci ruɓewa. Wannan magana tana da nauyi a wurin da wutar lantarki ba ta tsayawa, domin kunun da aka sa wa sitabilaiza yana iya yin tsami ya lalace a ciki alhali a ido yana nan kamar yanzu aka ɗura shi. Tsabtar ruwa, dafa madara yadda ya kamata da ajiya cikin sanyi suna nan a matsayinsu, babu garin da zai maye gurbinsu.

Kafin a zaɓa, abu uku ya kamata mai sana'a ya duba a kayansa: ko suna da tsami, ko akwai madara a ciki, da kuma irin zafi ko sanyin da za su gamu da shi daga wurin haɗawa zuwa hannun mai sha. Kusan duk bambancin da ke tsakanin waɗannan sinadarai a kan waɗannan abubuwa uku yake komawa.

Ƙaro shi ne wanda muka fi sani, tun da da shi ake haɗa tawadar makarantun allo, da shi kuma masu wankin hula ke ƙarfafa ta. A kan kwalaben kamfanoni lambarsa E414 ce. Mafi kyawunsa daga itacen ɗakwara yake fitowa, sai na dushe da ke biye masa, kuma Sudan ce ke kan gaba a duniya wajen samar da shi, Chadi da Najeriya na bin bayanta. A Najeriya jihohin Borno, Yobe da Jigawa ne suka fi shahara da shi, har akwai tashar bincike a kansa a Gashuwa. Darajarsa ga masana'antun lemon kwalba ta kai matsayin da lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 aka sassauta wa ƙaro, kuma yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a watan Afrilun 2023 ya girgiza kasuwarsa a duniya. Abin da ya sa kamfanoni ba sa iya rabuwa da shi shi ne yana lulluɓe ƙananan ɗigon man ƙamshi, irin na ɓawon lemo, ya hana su haɗuwa su taso saman kwalba. Yana kuma hana sukari daskarewa a alewa.

Sai dai ga mai neman kauri, ƙaro ba shi ne maganin ba. Yana narkewa cikin ruwa da yawan gaske ba tare da ruwan ya yi kaurin a zo a gani ba, wanda hakan alheri ne ga mai lemo amma asara ce ga mai yogot, domin zai zuba mai yawa, kuɗi su tafi, kaya kuma su ci gaba da rabuwa. Ta fuskar lafiya yana cikin waɗanda hankali ya fi kwanciya da su. Kwamitin haɗin gwiwa na masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona, wato JECFA, bai ga buƙatar sanya masa iyakar abin da za a ci a rana ba, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sake nazarinsa a 2017 ta cimma matsaya iri ɗaya, kuma a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a lissafa shi cikin harzar abinci mai amfani ga jiki. Wanda ya ci da yawa zai iya samun kumburin ciki da iska, iyakarta ke nan ga yawancin mutane. Abin lura a nan shi ne ɗanyen ƙaron kasuwa yana zuwa da ɓawon itace, ƙasa da ƙura, wani lokaci ma a gauraye da ƙaron wasu itatuwa, don haka sai an tsince shi, an jiƙa, an tace da ƙyalle mai tsabta, an kuma dafa ruwan kafin ya shiga abin sha.

Inda zaɓi ya fi wuya shi ne yogot na sha, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa a cikin gora. Idan madara ta yi tsami, furotin ɗinta yana dunƙulewa ya saki ruwa, kuma da zarar an motsa shi an tsinka shi don ya shiga gora, ƙananan dunƙulen suna neman junansu su haɗu su nitse. Sinadarai biyu ne suka ƙware wajen manne wa waɗannan dunƙule su hana su haɗuwa: fektin da CMC. Fektin, mai lamba E440, daga ɓawon lemo da dusar tuffa ake tatso shi, kuma irinsa ne ke cikin garin 'ya'yan kuka da wasu masu tallan nono ke zubawa don ya yi kauri. Yana ba da yogot mai santsi wanda ba ya danne ɗanɗano, ba a kuma cika samun ce-ce-ku-ce a kan lafiyarsa ba. Aibinsa tsada, da wahalar samu a ƙananan kasuwanni, da kuma cewa ya fi aiki idan akwai injin da ke niƙe haɗin da ƙarfi, abin da ƙaramin mai sana'a ba lallai ya mallaka ba.

CMC kuwa, mai lamba E466, ya fi araha ya fi samuwa, shi ya sa idan an ce sitabilaiza a shago sau da yawa shi ake nufi. Ana yin sa ne daga zaren itace ko na auduga da aka sarrafa da sinadarai har ya koma mai narkewa a ruwa. A yogot na sha ana amfani da kimanin giram 2 zuwa 5 a kowace lita, kuma akwai ƙa'idoji biyu da ake yawan karyawa. Ta farko, a narkar da shi daban a zuba bayan yogot ya gama kamawa, domin idan aka sa shi a madara tun kafin ta yi tsami yana iya jawo rabuwar da ake gudu. Ta biyu, idan aka sa ƙasa da kima, maimakon ya lulluɓe kowane dunƙule sai ya ɗaure su da juna, rabuwar ta fi ta wanda bai sa komai ba muni. Masu tsimin da ke rage awo don riba su ne suka fi faɗawa wannan rami, sai su ɗauka garin ne ba shi da kyau.

Maganar lafiyar CMC ita ce ke buƙatar adalci. Hukumomin da ke sa ido a kan abinci sun halatta shi, kuma nazarin Tarayyar Turai na 2018 bai ga dalilin sanya masa iyaka ta adadi ba. Amma a 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Jojiya da ke Amurka, ƙarƙashin Benoit Chassaing da Andrew Gewirtz, sun wallafa a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka shayar da CMC sun samu sauyi a ƙwayoyin bakteriyar hanjinsu, tare da kumburin hanji da ƙarin ƙiba. Daga baya aka gwada a kan mutum 16 masu lafiya, aka ba wani ɓangare nasu giram 15 a kullum har kwana 11, aka ga nau'o'in bakteriyar hanjinsu sun ragu, wasu kuma sun yi kukan rashin jin daɗin ciki bayan cin abinci. A 2023 wani babban nazari a Faransa da ya bi diddigin manya kimanin 95,000 ya sami alaƙa tsakanin yawan cin rukunin sinadaran da CMC ke ciki da ƙarin haɗarin cututtukan zuciya. Dole ne a auna waɗannan sakamako da ma'auninsu. Giram 15 daidai yake da abin da ke cikin lita 5 na yogot da aka haɗa da giram 3 a lita, mutum 16 kuma ba su isa a yanke hukunci a kan jama'a duka ba. Shi kuma nazarin Faransa alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa sinadarin ne musabbabi ba, tun da masu cin sa da yawa su ne masu yawan cin kayan gwangwani da na leda. Ayarin masu binciken na Faransa ma a 2024 ya sami irin wannan alaƙa tsakanin ciwon sukari da wasu sinadarai da suka haɗa da karajinan, guwa da zantan, waɗanda bayaninsu ke tafe a gaba, har da ƙaro kansa. A ganina duk da haka bai kamata a yi watsi da batun ba: wanda ke da halin sayen fektin ya saye shi, wanda ba shi da hali ya yi amfani da CMC a mafi ƙarancin awon da zai yi aiki, mai fama da ciwon kumburin hanji kuma ya fi masa alheri ya rage shan kayan da ke ɗauke da shi.

Haɗarin da ya fi waɗannan duka kusa da mu shi ne CMC kala biyu ne a kasuwa. Akwai na abinci, wanda aka tace har ya kai tsarkin kashi 99.5 cikin 100, akwai kuma na masana'antu da ake sa wa sabulun ruwa, fenti da aikin haƙar rijiyar mai, wanda ke ɗauke da ragowar gishiri da sinadaran da aka sarrafa shi da su. A ido dukansu farin gari ne, kuma a shago ɗaya ake iya samunsu, tun da masu haɗa sabulun ruwa ma CMC suke nema. Duk binciken da hukumomi suka dogara da shi wajen halatta shi a kan na abinci aka yi. Wanda ya sayi garin da aka ƙulla a leda bai ga buhun da aka ɗebo shi ba, bai san wanne ya zuba wa 'ya'yan mutane ba.

Zantan, mai lamba E415, wani nau'in bakteriya ne ke samar da shi idan aka ciyar da shi sukari a manyan tankuna. Wata masaniya mai suna Allene Jeanes da abokan aikinta ne suka gano shi a ɗakin binciken ma'aikatar noma ta Amurka, aka kuma halatta shi a abinci a can a 1969. Babu wanda ya kai shi juriya a cikin waɗannan sinadarai: tsami ba ya karya shi, gishiri ba ya karya shi, zafi ma haka. Yana da wata siffa mai amfani ƙwarai, wato idan gora tana ajiye sai ya riƙe ɓarɓashi ya hana su nitsewa, idan kuma aka girgiza ko aka tsiyaya sai ya saki ya gudana. Wannan ne ya sa ya fi dacewa da kunun aya, inda matsalar ita ce sitacin aya da dusarta suna kwanciya, mai kuma yana tasowa. Giram 1 zuwa 2 a lita ya wadatar, kuma ƙetare wannan yana mayar da abin sha ya riƙa yauƙi kamar miyar kuɓewa, abin da babu mai saye da zai yafe. A yogot shi kaɗai ba ya yin abin da CMC ke yi, yakan ma bar shi da tsaki-tsaki. Manya suna jure shi lafiya, illa dai mai yawa yana saki ciki. Jarirai kuwa maganarsu daban ce: a watan Mayun 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a ba jarirai bakwaini wani haɗin kaurara madara mai suna SimplyThick da aka yi da zantan, bayan rahotannin mummunan ciwon hanji da ya kai ga rasa rayuka. Don haka kada a sa zantan, ko wani daga cikin waɗannan sinadarai, a madara ko kunun jariri sai da umarnin likita.

Guwa, mai lamba E412, garin ƙwayar wani wake ne da aka fi nomawa a Indiya, musamman jihar Rajastan, da kuma Pakistan. Yana kumbura a ruwan sanyi, yana ba da kauri da ɗan kaɗan, kuma idan aka gama shi da zantan kaurin da suke bayarwa tare ya fi na kowannensu shi kaɗai, wanda hakan ke rage kashe kuɗi. Gidansa na gaskiya shi ne askirim. Duk lokacin da wuta ta ɗauke askirim ya ɗan narke sannan ya sake daskarewa, ƙanƙarar da ke ciki tana ƙara girma har a ji ta a haƙori, guwa kuma yana rage saurin wannan girma. Rauninsa shi ne tsami tare da zafi suna rage masa ƙarfi, kuma maras kyawunsa yana da ƙamshin ɗanyen wake. Tarihinsa yana da darasi biyu. A farkon shekarun 1990 Amurka ta hana amfani da shi a magungunan rage ƙiba saboda busasshensa ya riƙa kumbura yana toshe maƙogwaron masu haɗiya, abin da ba ya faruwa da ɗan abin da aka riga aka narkar a abinci. A 2007 kuma aka gano gubar dayokzin a wani kaso da aka shigar Turai daga Indiya, aka janye kayayyaki da dama. Laifin a nan na gurɓatar kaya ne a hanyar sarrafawa, kuma takardar gwaji ce kaɗai ke iya tona irin wannan.

Karajinan, mai lamba E407, daga jan ciyawar teku ake samunsa, mafi yawa daga Indonesiya da Filifin. A madarar da ba ta da tsami babu kamarsa, domin ɗan abin da bai kai rabin giram a lita ba yana hana garin koko nitsewa, kuma ana ɗan ƙara shi a haɗin askirim don ya hana rabuwar da guwa ke iya jawowa. A cikin tsami da zafi kuwa yana karyewa, saboda haka bai dace da zoɓo, lemon tsamiya ko yogot da za a sake dafawa ba. Shi ne aka fi jayayya a kansa, domin karyayyen nau'insa, wanda ba a halatta a abinci ba, yana jawo gyambon hanji a dabbobin gwaji, kuma wasu masana suna ganin na abincin ma yana iya tayar da kumburi. JECFA ta duba shi a 2014 ba ta ga abin damuwa ba, amma Tarayyar Turai a 2018 ta bar iyakarsa a miligiram 75 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, ta kuma ce wannan iyaka ta wucin gadi ce har sai an cike giɓin bayanai. Ga mutum mai kilo 60 wannan giram 4.5 ke nan, wanda ya ninka abin da ke cikin litar madarar koko sau da yawa. Wanda kayansa ba madarar koko ko askirim ba ne, ba shi da wata buƙata da shi.

Jelatin yana ba yogot mai kauri, irin na kofi, laushi da sheƙin da sauran ba sa bayarwa, amma yana da matsala biyu masu girma a wurinmu. Daga fata da ƙashin dabbobi ake dafo shi, kuma fatar alade ce babbar tushensa a kasuwar duniya. Malamai sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da ake yi masa ta canza hukuncinsa, amma mai sayar wa jama'a bai kamata ya jefa su cikin shubuha ba tare da saninsu ba, tun da akwai na shanun da aka yanka bisa shari'a da na kifi, masu shaidar halal. Matsala ta biyu ita ce yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 35, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura 40. Yogot ɗin da ya dogara da jelatin yana iya tsinkewa a bayan babur kafin ya isa shago.

Sitacin masara ko na rogo shi ne mafi araha, kuma babu mai tantama a kan cinsa, sai dai na gida yana sakin ruwa bayan kwana biyu a firji, yana kuma danne ɗanɗanon madara. Wanda aka gyara a masana'anta, irin mai lamba E1422 ko E1442, ya fi jure tsami da sanyi, kuma shi ne madadin jelatin mafi sauƙi ga yogot mai kauri.

Kafin ma a kai ga sayen gari, mai yogot ya fara gyara madararsa. Ƙara yawan garin madara a haɗi, da riƙe madarar a zafin digiri 85 na minti 30 kafin a huce ta a sa irin da ke mayar da ita yogot, da cire yogot daga ɗumi da zarar ya kama don kada tsami ya wuce kima, suna rage tsatsar ruwa ƙwarai, har wani lokaci ba a buƙatar ƙarin komai. Kindirmon da aka yi da cikakkiyar madarar da aka dafa sosai shaida ne a kan haka. Zoɓon da aka tace da kyau shi ma ba ya buƙatar sitabilaiza, sai fa idan an sa masa man ƙamshi ko niƙaƙƙiyar abarba, inda ɗan ƙaro zai riƙe na farko, ɗan zantan kuma ya riƙe na biyu.

Idan an tsayar da wanda za a saya, a nemi ganin buhu ko gwangwanin asali, a duba suna da lambar E, da shaidar cewa na abinci ne, da sunan kamfani, lambar kaso da ranar ƙarewar wa'adi, a kuma tambayi takardar gwajin da ke rakiyar kowane kaso daga masana'anta. Idan buhu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, masu sana'a uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya su raba, wanda ya fi sayen ƙulli aminci. A sayi ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, domin cokali ba ma'auni ba ne ga abin da giram ɗaya ke canza shi. Wajen haɗawa, a cuɗa garin da busasshen sukari ninki biyar zuwa goma, a riƙa barbaɗawa a hankali ana juyawa da ƙarfi, in ba haka ba zai yi gudaji masu jiƙaƙƙen baya da busasshen ciki waɗanda ba sa narkewa. A fara gwaji da lita ɗaya a awo uku daban-daban, a ajiye su a firji tsawon kwanakin da kaya ke yi kafin su ƙare, sannan a ɗauki mafi ƙarancin awon da ya riƙe. Wanda zai yi wa kayansa rajista da NAFDAC kuma dole ne ya rubuta sinadarin da ya sa a jikin takardar gora, kuma ko wanda bai kai ga rajista ba ya kamata ya rubuta, domin mai ciwon hanji, da uwar da ke saya wa ƙaramin yaro, da mai kiyaye halal duk da wannan rubutu za su san abin da za su ɗauka da abin da za su bari.